Aska, inji da tsinken tsifa: abin da ke bi ta kan yaran Dogon Dutsi

Ranar suna, wanzami kan riga maroƙa isa ƙofar gida. Haka abin yake a Dogon Dutsi, haka a Matankari, haka a garuruwan da suka jeru cikin kwarin Dallol Mawri har zuwa Kore Mairuwa, Tibiri da Gesheme. Da an sallame asuba maza sun cika tabarmi, an zaga da goro da dabino, liman ya raɗa suna, an shafa fatiha, rago ya sha wuƙa. Daga nan aiki ya koma cikin gida. Wata tsohuwa, kakar jaririn ko ungozomar da ta yanke cibi, ta fito da shi naɗe cikin zane, ta zauna ta miƙe ƙafafu. Wanzami ya tsuguna gabanta ya kwance bakin zabira.

Ba ya gaggawa. Sai ya tsoma yatsu cikin ƙoƙon ruwan ɗumi ya jiƙa kan, ya murza da tafin hannu har gashin ya kwanta, sannan ya goga aska bisa 'yar fata, gaba da baya. Babban yatsansa na hagu yana jan fatar kai, askar tana bin sawu, daga goshi tana gangarawa ƙeya. Idan ya iso maɗiga, wurin nan mai taushi da ke harbawa a tsakiyar kai, hannunsa kan sassauta har ka ce bai taɓa fata ba. A nan ne tsohuwa kan ce, "A hankali dai, Sarkin Aska." Shi kuma ya amsa, "Kwantar da hankalinki, Inna, ba yau muka fara ba." Gashin ba a barinsa ya watse a ƙasa. Ana tara shi, a ba mai jego ko uwarta, a binne ko a ɓoye inda hannun mugu ba zai kai ba. Mata na jefa kuɗi cikin ƙoƙo, wanzami ya tashi da rabonsa na nama da hatsi, ana ta "Allah ya raya, Allah ya ɗayyaba."

Wannan askin yana da madogara a addini. Hadisin Samura ɗan Jundubu, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, ya haɗa yanka da aski da raɗa suna a rana ta bakwai. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda malaman wannan yanki suka tashi a kanta, an kawo cewa Nana Faɗima ta auna gashin 'ya'yanta ta yi sadaka da azurfa daidai nauyinsa. Gashin jariri ba shi da wani nauyi, shi ya sa yawancin gidaje ƙiyasi suke yi su ba da abin da ya sawwaƙa.

Abin da ba shi da madogara shi ne zancen da ake maƙala wa askin, wai idan ba a kwashe gashin ciki ba sabo ba zai fito baƙi wuluk mai yawa ba, ko kuma yawan aski yana ƙara cikar suma. Ramukan da gashi ke tsirowa daga cikinsu an gama halittarsu tun yaro yana ciki, aska kuma ba ta kai gare su balle ta ƙara musu yawa. Gashin haihuwa ko an bar shi zai zube da kansa cikin watannin farko. Wanda ya biyo baya yana tsawo da kimanin santimita ɗaya a wata, ko ƙasa da haka kaɗan, ko an aske ko ba a aske ba.

Tukku ya tafi, zanko ya dawo

Dogon Dutsi tana bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, kimanin kilomita 275 gabas da Yamai, tsakanin Dosso da Birnin Ƙonni. Ita ce cibiyar ƙasar Arewa, ƙasar Arawa da Gubawa. A 2011 aka yanke kudancinta aka yi gundumar Tibiri. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Dogon Dutsi mutum sama da dubu 370, ta Tibiri kuma kimanin dubu 270, kuma a ƙasa irin Nijar, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane yawan kawunan yaran da ke jiran aski da kitso a kowane mako.

A da, kan yaro da fuskarsa su ne takardar shaidarsa, wanzami ne kuma ke rubuta ta. Ba'are na asali ana gane shi daga nesa da tsagarsa, layi biyu da suka tashi daga gefen baki suka nufi kunne a kowane kumatu. Aski ma yana magana. Akwai tukku, curin gashin da ake bari a tsakiyar kai ko gefe guda. Akwai zanko, layin gashi daga goshi zuwa ƙeya. Wasu gidaje alamar dangi ce, wasu kuma alkawari ne aka ɗauka, musamman uwar da ke wabi, wadda ta gaji da binne 'ya'ya har ta nemi taimako wurin masu iskoki. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da ke da Sarauniyar Lugu, wadda magabaciyarta ta tari rundunar Bule da Shanuwan ta Faransa a 1899, da kuma Bauran Bagaji, waɗanda al'adar gargajiya ta daɗe tana zagaye da su.

Musulunci ya yi ta shiga yana ture waɗannan abubuwa sannu a hankali. Masaniyar al'adu Adeline Masquelier, wadda ta fara bincike a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta rubuta littafi a 2001 kan yadda salla ta matse bori a garin, ta kuma ƙara wani a 2009 kan mata da farfaɗowar addini, lokacin da wa'azin Izala ya riga ya yi ƙarfi ya shiga sukar almubazzarancin biki da suna. Game da aski kuwa hujjar malamai a fili take. Hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Buhari da Muslim ya hana a aske wani sashe na kan yaro a bar wani. Tukku ya yi ta ja da baya har ya zama sai can cikin ƙauye kake cin karo da shi. Tsaga ma tana bin sa. Dattijo mai layi biyu a kumatu yau jikokinsa fuska sumul suke yawo.

Sai ga zanko ya dawo ta ƙofar da ba a zata ba, ta gidan kallon ƙwallo. Yaro ɗan shekara takwas ya zo rumfar aski ya ce a yi masa na Balotelli, a kwashe gefe da gefe a bar tsakiya, ko a ja masa layi da reza a gefen kai. Uba ya gani ya ce askin banza ne, ya ja shi da kunne a koma a yi masa ƙwal-kwabo. Mushe, malamin lakwal, ya kore shi, malamin allo ya ɗaga bulala. A Kano har 'yan Hisba sun sha tare matasa a titi suna aske musu irin wannan suma. Uba yana da hakkin ya zaɓa wa ɗansa kamannin da zai fita da su, ba na jayayya da wannan. Abin da ke damuna shi ne duk ƙarfin muryarmu ya ƙare a kan siffar askin. Ban cika jin uban da ya tsaya a rumfa ya tambayi kan wa injin nan ya bi kafin ya iso kan ɗansa ba.

Jajibirin salla a rumfar aski

Wanzami bai ɓace ba. Shi ke askin suna, shi ke kaciya a ƙauyuka da dama, shi ke ƙaho, tsofaffi kuma har gobe ba su yarda da kowa a kansu sai shi. Amma askin yau da kullum na yara maza ya koma hannun samari masu inji, waɗanda ba gado suka yi ba, sana'ar suka koya a Yamai, ko Birnin Kabi, ko Legas wurin cin rani. Rumfar kwano, madubi ɗaya, kujera ɗaya, benci, hoton kawuna iri-iri manne a bango, da waya tana caji a gefe.

Je ka zauna a irin wannan rumfa daren jajibirin salla. Yara sun cika benci, wasu a ƙasa, wasu sun yi barci jikin yayyensu. Mai aski ya ɗora ƙarami bisa katako da aka gitta a hannun kujera don kansa ya kai madubi, ya yafa masa ƙyallen da ya yafa wa wanda ya tashi, ya hura bakin injin da baki, ya goge shi da tsohon burushin haƙori. Idan mai kula ne ya fesa ɗan alkol ko ya ɗiga fetur, wani ya kunna ashana ya wuce da harshen wuta sau ɗaya bisa ƙarfen. Duka-duka ba a yi daƙiƙa goma ba inji ya hau sabon kai. Ya gama, ya ɗauko reza ya gyara gaban goshi, ya shafa hoda da soson da ya sha ƙeyar kowa tun safe. "Tashi, ƙanena, saura wa?"

Ba mugunta ba ce. Layi ne ya yi tsawo, wuta kuma ba ta da tabbas. Kimanin kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa a lokacin da aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma da Najeriya ta katse layin da ya bi ta Birnin Kabi zuwa Dosso da Yamai a watan Agusta, sai Maris na 2024 ta mayar. Mai askin da ba shi da injin caji ko farantin sola ya koyi cewa idan wuta ta zo ba a tsayawa wanke-wanke, kai ake ci kafin ta ɗauke. Sai dai ƙwayar cuta ba ruwanta da wannan uzuri.

Makero

Kowace uwa a Arewa ta san shi. Tabo ne zagayayye a kan yaro, faɗinsa ya kai na tsabar dala ashirin ko ya fi, fari-fari kamar an barbaɗa toka, gashin wurin ya kakkarye daga tushe. Wani lokaci guda ɗaya ne babba, wani lokaci ƙanana ne barjat a ko'ina. Yaro na susa, uwa na cewa ƙazanta ce ko wasan ƙasa, kaka na cewa zai bar shi in ya girma. Kaka ba ta yi ƙarya ba gaba ɗaya. Idan yaro ya balaga, maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana canzawa ya zama ba ya yi wa cutar daɗi, shi ya sa ba kasafai ake ganin makero a kan babba ba. Amma tsakanin shekara huɗu da balaga akwai tafiya mai nisa, cikinta kuma yaro na iya rasa gashin da ba zai dawo ba.

Makero ƙwayar cuta ce dangin fumfuna. Irin da suka fi yawa a Afirka ta Yamma, waɗanda likitoci ke kira Trichophyton soudanense da Microsporum audouinii, daga mutum zuwa mutum suke yawo, ba sai an taɓa akuya ko kyanwa ba. Suna bin hula, matashin kai, tabarmar kwana, mataji, tsinken tsifa, da bakin injin aski, kuma irinsu na iya zama da rai watanni a jikin waɗannan kaya. Hura iska da goga burushi ba sa kashe su. A 2021 likita Felix Bongomin na ƙasar Yuganda da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a ƙasashen Afirka suka buga a mujallar Mycoses. Ƙiyasinsu shi ne kashi 23 cikin 100 na yaran nahiyar suna ɗauke da makero, wato yara kimanin miliyan 138. A ajin firamare mai yara sittin, wannan lissafi na nufin sama da goma.

Inda ake yin asarar kuɗi da fata shi ne wurin magani. Cutar ba a saman fata kaɗai take ba, cikin silin gashi take shiga ta gangara har saiwa, inda man shafawa ba ya kaiwa. Shi ya sa uwa za ta sayi man shafawa wurin mai tallar magani ranar kasuwa, tabon ya lafa sati biyu, ya dawo da abokansa. Da yawa daga waɗannan mayuka ma suna haɗe da sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayi da ja, ya ɓoye alamar, cutar kuma tana ci gaba da yaɗuwa a ƙarƙashi. Wasu kan kankare wurin da reza har ya yi jini su shafa baƙin man inji, ko man birki, ko baƙin garin cikin batir, ko man goge baki. Wasu kan ɗiga ruwan tumfafiya, wanda ke ƙona fata, idan kuma ya gangara ido yana iya taɓa gani. Bayan duk wannan wahala, makeron yana nan.

Maganinsa na sha ne. Wanda aka fi sani, griseofulvin, tun 1958 ake ba mutane shi, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba ya cikin masu tsada. Ma'aikacin lafiya ne ke auna shi gwargwadon nauyin yaro. Ana shan sa kullum sati shida zuwa takwas, tare da abinci mai maiƙo don jiki ya karɓe shi sosai. Kunun gyaɗa, ƙuli-ƙuli ko nono mai kyau sun wadatar. Akwai kuma terbinafine, wanda kwanakinsa kan fi gajarta ga wasu irin ƙwayoyin. Sabulun ruwa mai ketoconazole yana rage yaɗuwa zuwa ga wasu amma shi kaɗai ba ya warkarwa. Matsalar da ma'aikatan likita suka fi kuka da ita ita ce a sati na uku gashi ya fara tsirowa, sai a ce ya warke a ajiye sauran ƙwayoyin don wani yaron. Ga kuma ƙanne da yayye da ke kwana tabarma ɗaya, waɗanda wasunsu na ɗauke da cutar ba tare da tabo ya fito ba. Idan ba a duba su ba, a wanke huluna da mataji da ruwan zafi, gidan zai yi ta juya ta tsakaninsu.

Wani lokaci makero kan kumbura ya yi tsiri mai taushi, yana tsatsar ruwa da mugunya, har kaluluwa ta fito a wuya. A nan ne ake kuskuren ɗaukar sa maruru a kai wa wanzami ya tsaga. Ba abin tsagawa ba ne, jiki ne ke faɗa da ƙwayar, kuma maganin sha ɗin nan dai shi ne maganinsa. Idan aka yi jinkiri, wurin yakan warke da tabo mai sheƙi wanda gashi ba zai sake fitowa a kansa ba har tsufa.

Akwai abin da ya fi makero haɗari ko da yake ba a ganin sa. Reza da aska da haƙoran inji suna yin ƙananan yanka da ido ba ya kamawa. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai cikin busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma wanda ya kamu yana jariri shi ya fi zama da ita har girma, inda takan kai ga ƙonewar hanta ko sankara. Nijar ta shigar da rigakafinta cikin allurar Penta a 2008, wadda ake yi a sati na 6 da na 10 da na 14. Ke nan ranar suna jariri bai kai ga Penta ba, manyan da aka haifa kafin 2008 kuma, waɗanda aska ɗaya ke bi ta gemunsu, yawancinsu ba su taɓa samun rigakafin ba. Gidaje da yawa yanzu suna sayen sabuwar reza su miƙa wa wanzami a buɗe ta gaban kowa, wanzaman kirki kuma ba sa jin haushi. Wanda ya nace sai askar gado, a tafasa ta sosai kafin ta hau kan jariri. Gidan da ke da yara maza huɗu ko biyar kuwa, injin caji guda na gida ya fi musu sauƙi a lissafin shekara, kuma mai aski ba ya ƙin karɓar injin da aka zo masa da shi.

Kan 'ya mace

Yarinya da zarar gashinta ya kai a kama, an fita da ita daga hannun maza. Daga nan sai tsifa, wanki, kitso, sati biyu ko uku a sake. Makitsiya na zaune bisa kujera 'yar tsugune a inuwar bedi, yarinya a ƙasa tsakanin gwiwoyinta, kai a kwance bisa cinya. Tsinke ya tsaga layi, yatsu su lakato mai, a kama. Yarinya ta ɗaga kafaɗa tana shan yaji da baki, uwa daga bakin murhu ta ce, "Yi haƙuri, ɗiyata, ado sai da wuya." Makitsiya kuma an san ta da cewa kitsonta yana wata bai tashi ba, don haka ba za ta sassauta ba.

A nan ne ɓarnar take. Kitson da ya ɗaga girar yarinya, ya hana ta barci daren farko, ya fito da ƙananan ƙuraje a gaban goshi, yana tuge gashi ne daga saiwa. Da farko yana dawowa. Idan aka shekara ana yi, gaban kai da saman kunnuwa su yi ta ja da baya, ramukan su mutu. Likitar fata Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Kef Tawun a Afirka ta Kudu ta auna wannan a 2007. Ta samu kimanin kashi 17 cikin 100 na 'yan matan makaranta sun fara wannan sanƙon, a manyan mata kuma ya kai kusan kashi 32, kuma ya fi tsanani ga gashin da aka sa wa man miƙarwa sannan aka ɗaure shi tamau. Wannan man, wanda ake shafa wa 'yan shekara biyar da shida gab da salla don gashi ya kwanta, yawancinsa sinadari ne mai cin fata. Ƙunar da yake bari a kan yarinya ƙofa ce ga kowace cuta. Haka ma ƙarin gashin roba da ulu masu nauyi a kan da bai gama ƙwari ba. Shuku da zane da kalaba duk suna yiwuwa ba tare da an ja gashin goshi ba. Makitsiya ta san yadda ake yi, uwa ce za ta ce a yi hakan, ta kuma yarda kitson ya tashi da wuri.

Abin da kakanni ke wanke kai da shi kuwa ba a samu wanda ya fi shi ba tukuna. Yoɗo, wanda Kanawa ke ce wa karkashi, yana fitowa da kansa a gonakin gero da damina. A jiƙa busasshen ganyensa a ruwan ɗumi ya saki yauƙi, a wanke kai da shi, gashi ya yi santsi mataji ya wuce ba kuka. Ganyen nan ne 'yan Cadi ke kira ambunu, wanda yanzu ake ƙullawa a leda mai ado ana sayar wa matan Amurka da Faransa ta intanet da tsada, mu kuma muna barin sa muna sayen sabulun wanki mai kaifi muna zuba wa yara a ka. Man shanu daga hannun matan Fulani da man kaɗe da ke zuwa daga wajen Gaya suna hana gashi bushewa, musamman da hunturu. Sai dai kaɗan ake so, a jikin gashi. Idan aka laɓta shi a fatar kai, ƙurar hunturu ta zauna a kai, aka rufe da kallabi, an yi wa amosani da ƙuraje shimfiɗa.

Ruwa ma yana da nasa hukunci. A cikin Dallol rijiya ba ta da zurfi, amma ƙauyukan da ke bisa tudu wajen Dogon Kiriya da Sukukutan, inda guga ke tafiya gaba da yawa kafin ya taɓa ruwa, wankin kan yarinya ba ya gaban sha da girki. Ga kuma hijabi, wanda yanzu 'yar shekara uku ma tana da nata. Sutura ce, ba wanda ke faɗa da ita. Amma kan da ke rufe tun safe har dare, wani lokaci da danshin wanki, a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, yana buƙatar a buɗe shi a cikin gida ya sha iska. Makeron yaro namiji kowa na gani a hanya. Na yarinya yana ƙarƙashin kitso, kitso yana ƙarƙashin hijabi, sai ranar tsifa ake sanin inda aka kwana. Wannan ya sa ranar tsifa ta fi ranar kitso muhimmanci. Ita ce ranar da uwa za ta zauna cikin haske ta bi fatar kai layi-layi da idonta.

Idan aka ga ƙwarƙwata, ba abin kunya ba ne kuma ba shaidar ƙazanta ba ce. Ba ta tashi, ba ta tsalle, kai da kai ne ke haɗuwa, ko kallabi da mataji. Ƙwanta yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10, don haka kowane magani aka yi sai an maimaita bayan sati, a kuma bi da mataji mai ƙananan haƙora a jiƙaƙƙen gashi. Abin da ba a yi shi ne zuba fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona ko kananzir a kan yarinya a ɗaure da leda. Gubar da ke cikin fiya-fiya tana ratsa fata ta shiga jini, tana kuma iya tsayar da numfashi. A 2019 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwarin nan Sniper a kasuwanni barkatai, amma iyakar Kabi ba ta da nisa, ire-irensa kuma ba su daina zuwa kasuwannin ƙauye ba.

Wani jan gashin kuma ba na rana ba ne. Idan sumar yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu ta koma ja-ja, ta yi laushi, ta miƙe, tana tugewa da an taɓa, musamman bayan yaye ko a tsakiyar damina kafin sabon gero ya shigo, ba mai take nema ba. Alamar tamowa ce, a duba ƙafafu ko sun kumbura, a auna damtse. Ɗan ma'aunin nan mai launi uku, wanda ja a jikinsa ke nufin ƙasa da santimita 11 da rabi, a Nijar ne aka fara gwada damƙa shi hannun iyaye mata da kansu, a gundumar Mirya, ta hannun ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN, kafin wasu ƙasashe su ɗauka.

Tun 2006, zamanin Shugaba Tandja Mamadu, dokar Nijar ta ce a duba yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta a likitar gwamnati, ko da yake jinkirin biyan cibiyoyin kuɗinsu ya sha barin kantocin magani wayam. Makero kuwa ya fi kama 'yan lakwal da 'yan makarantar allo, waɗanda suka riga suka wuce shekara biyar ɗin. Uba ne zai biya kuɗin ganin ma'aikaci da na ƙwayar sati shida daga aljihunsa, a kan cutar da ba ta kwantar da yaro ba ta hana shi kiwo, alhali mai talla yana ƙofar gida da man shafawa mai araha. Ba wuya a gane wanda zai zaɓa.

Mutanen da za su iya juya wannan lissafi ba su da yawa kuma an san inda suke. Wanzamai suna da Sarkin Aska da suke jin maganarsa, masu inji a gari kamar Dogon Dutsi ko Tibiri ba su fi a tara su a zaure ɗaya ba, makitsa kuma kowace unguwa ta san nata. Su ne ke ganin fatar kan yaro kafin kowane likita. Mai askin da ya ga tabo zai iya barin yaron zuwa ƙarshen layi, ya jiƙa bakin injin cikin alkol na wasu mintoci bayan ya gama, ya ce wa wanda ya kawo shi, "Alhaji, wannan na sha ne, a kai shi likita." Mushe ma, idan an koma lakwal a watan Oktoba, duba kawunan aji ba zai ci masa rabin safiya ba, kuma yaron da ya fara shan magani ba a korar sa gida, yana iya zama cikin 'yan ajinsu da hularsa ta kansa.